Gwafar da Aka Sare a Kapsoyo

Ranar ruwan gidan Maiyo ce, amma har hantsi ya yi ruwan ban-ruwa bai sauko daga tsauni ba. Matan gidan suka gaji da tsayuwa a bakin gonar masara, biyu daga cikinsu suka hau tsauni su ga abin da ya tare shi. A bakin kwazazzabo suka ja birki. Rarakakken gungumen da ruwansu ke bi ya hayo wannan ɓangaren ya rufta ƙasa. Can ƙasa kuma, a tsakanin duwatsu, ga mutum kwance an lulluɓe shi da zanen mace.

Limo ne, ɗan autan Yego. Zanen kuwa kowa ya san shi. Na Jerop ne, 'yar Maiyo, wadda tun asuba ba a sa ta a ido ba.

Gidajen nan biyu ba sa ga maciji tun zamanin kakanni, duk a kan rabon ruwan da ke gangarowa daga tsauni. An fasa kawuna, an cire wa wani ido, an sa wa karnuka guba. In ka tambayi wanda ya fara, kowane gida zai ba ka suna, kuma mai sunan ya daɗe a kabari. A garin nan na Kapsoyo kuwa, in aka yi kisa, ba mai laifin kaɗai ke biya ba. Dangin mamaci kan kore awakin gidan duka, su cinna wa ɗakuna wuta.

Dagaci ya aika a kira Suter. Suter ya tsufa yana bin sawun dabbobin sata a kwarin Kerio, kuma ba shi da jini da ko ɗaya daga cikin gidajen. Ya iso da sandarsa, ya tarar rabin gari ya riga shi.

"Baba Suter, ka ga abin da muka wayi gari da shi," in ji dagaci, yana share gumi. "'Yan sanda sun ce sai gobe, ruwan sama ya cinye hanya. Samarin Yego kuwa har sun sayi kananzir."

"Wa suka ce ya yi?"

"Kemboi, yayan yarinyar. Na sa an ɗaure shi a gidana don kada su sassare shi a hanya. Yego ya yarda zai riƙe yaransa zuwa la'asar."

"To kore mini mutanen nan. Sun tattake wurin kamar garken jakuna."

Kafin a kore su, wani ɗan ƙanen Yego ya ɗago wata gwafa daga cikin duwatsu, ɗaya daga cikin waɗanda ke tokare da gungumen.

"Ku duba! Sara ne wannan, ba ruɓewa ba! Tarko suka ɗana, suka tura 'yar iskarsu ta jawo shi!"

"Tarkon uwarka!" wata mata ta gidan Maiyo ta mayar masa. "Mu za mu sare ruwanmu da hannunmu? Ɗan'uwanku ne ya sace mana yarinya, ku fito da ita!"

Suter bai ɗaga kai ba. Ya gangara a hankali, ya durƙusa kusa da gawar. Ƙeya ce ta fashe. Amma an rufe wa yaron ido, an janye duwatsun da ke ƙarƙashin kansa an cusa ciyawa. A gefe ga ƙunshin kayan mutum biyu, da gasasshiyar masara, da fasasshen goran nono. A kan yashi akwai shaidar ƙananan gwiwoyi, sun nutse sosai. Mai su ta daɗe a durƙushe.

Ya karɓi gwafar ya jujjuya. An sare fiye da rabinta, an shafe wurin da laka. Ya leƙa ƙarƙashin wani kurmi inda aka share sassaƙen da ƙafa. Gara ta riga ta yi gini a kansu. Ya ɗauki ɗaya, ya karkaɗe, ya duba shi a rana, ya jefa a aljihu.

*

Sawun yarinyar bai koma gari ba.

A ɗaya gefen kwazazzabon Suter ya ga yadda abin ya kasance. Ita ta fara hayewa, gungumen ya ɗauke ta. Ta tsaya a baki ta juyo tana fuskantar baya, tana jiran na biye da ita. Da gungumen ya rufta da shi, sai zamiya da dunduniya har ƙasa, takalmi ɗaya a nan, ɗaya a can, ƙaya ta riƙe tsumman riga.

Da ta bar gawar, ta sake hawa ta wani wuri, ba takalmi. Ba gudu take yi ba. Babu inda ta tsaya ta waiwaya. Ta isa mararrabar da ke kai mutum titin mota, ta wuce ta, ta miƙe zuwa Dutsen Shaho. A bakin dutsen sawun ya ƙare.

Suter ya zagaya ta ƙasa, abin da ya ci masa lokaci, don gwiwoyinsa ba na da ba ne. Ya same ta. Ya sassaro ƙaya ya rufe ta saboda ungulu da kuraye. Ya zauna a inuwa ya shaƙi taba, ya yi atishawa, sannan ya tashi. A hanyar dawowa bai bi ta kwazazzabon ba, ya gangaro ta babbar hanya, idonsa a ƙasa.

Dagaci kaɗai ya gaya wa, shi ma a kunne.

"Ka riƙe bakinka," in ji Suter. "In gidan Maiyo suka ji kafin la'asar, gobara biyu za ka kashe."

*

An ɗaure Kemboi a jikin turken rumbu. Ƙato ne, leɓensa ya kumbura wurin kama shi.

"Ɗan Maiyo, ina ka wayi gari?"

"A gida."

"Matarka ta ce ta farka ba ta gan ka ba, ba ta ga addarka ba."

"Mata ba sa rasa abin faɗa."

"Yau ranar ruwanku ce. Kai ke haye gungumen nan ka buɗe ruwa, tun kana yaro. Me ya hana ka yau?"

Kemboi ya tofar da yawu. "Je ka tambayi ƙasa mana, tsoho. Ba an ce da ita kake hira ba?"

"Na tambaye ta. A babbar hanya, bayan dutsen da ke kan kwanar hanya, wani mai takalmin taya ya tsuguna tun da duhu har rana ta fito. Ya sha mangwaro ya zubar da ɓawo. Yana ta caka kan adda a ƙasa don ya rasa abin yi. Takalmin hagunsa ya tsage a dunduniya." Suter ya nuna ƙafar Kemboi da sanda. "Wa kake jira?"

Kemboi ya ɗaga kafaɗa. "Jiya da yamma na ga Jerop tana ɗaura ƙunshi, ta ɓoye a bayan rumbu. Na san da wa za ta tafi. Duk mai zuwa titi ta nan yake bi."

"Da Limo ya biyo fa?"

"Da yanzu kun ɗaure ni da hujja."

"An ce ka dake shi a kasuwa."

"Na zubar masa da haƙori. Na ce in na sake ganinsa kusa da ita, kansa zan cire. Gaban kowa na faɗa, ban ɓoye ba. Amma ni ba na sara itace in ɓuya kamar ɓera." Ya ɗan sassauta murya. "Baba Suter, ina ƙanwata?"

"Ina kan aikin," in ji Suter, ya fita.

*

A bakin gari, cikin itatuwan mangwaro, Talai take zaune ita kaɗai tun da mijinta ya rasu. Ƙanwar Maiyo ce, goggon Jerop. Kafin azahar magana ta zaga gari cewa ita ce ta tura yaran ta kwazazzabo, don haka ita ce ta san da tarkon. Suter ya same ta tana goge cikin goran nono da gawayi, hannunta baƙi ƙirin.

"Kai ma ka zo ka ce mini mayya?"

"Na zo in sha ruwa."

Ta ba shi. Ya sha, ya ajiye kofin.

"A nan suke haɗuwa?"

"A ƙarƙashin wancan mangwaron. Me zan yi, in kore su? A coci suka fara ganin juna, wurin waƙa. Ta zo mini tana rawar jiki, wai Goggo, muryarsa. Na ce ke, duk samarin kwarin nan ba ki ga mai murya ba sai ɗan Yego? Ta ce ai ba ta tambaye shi sunan ubansa ba sai da aikin gama ya gama." Talai ta yi 'yar dariya, ta haɗiye ta. "Shi kuma sakarai, zuma yake kawo mini wai toshiyar baki."

"Yaushe suka shirya tafiya?"

"Da farko sun ce sai bayan girbi, ya sayar da masararsa su kama ɗaki a birnin Eldoret. Jiya da yamma ta zo a firgice, ta ce Kemboi ya ga ƙunshinta, ta ji shi yana wasa adda. Na aika aka kira yaron. A nan, kan tabarmar nan, suka ce gobe da asuba."

"Wa ya ce su bi ta gungumen?"

"Ni." Ta dube shi ido cikin ido. "Ni na ce kada su kuskura su bi babbar hanya. In tura su bakin adda? Gungumen nan tun ina budurwa ake haye shi."

"Wa kuma ya san za su bi ta nan?"

"Mu uku, sai waccan akuyar."

Suter ya gyaɗa kai ya miƙe. Ta riƙo bakin rigarsa da baƙin hannunta.

"Ta kai titi, ko? Ta sami mota?"

Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta saki rigar.

"Kada ki yi kuka sai la'asar," in ji shi. "Za su ji."

*

Gidan Yego cike yake. Mata na kuka a cikin ɗaki. Samari kuwa suna bayan gida suna faɗaɗa garken awaki, don a sami inda za a zuba na gidan Maiyo in an koro su. Yego na zaune a kan kujerarsa mai ƙafa uku, ya yafa bargo duk da zafin rana. Idonsa a bushe yake.

Suter ya yi masa gaisuwa. Aka kawo goran nono, Yego ya karɓa da hagu kamar yadda ya saba, ya riƙe bai sha ba.

"La'asar na ce wa dagaci," in ji Yego. "Ba zan iya riƙe su fiye da haka ba."

"Ya isa."

Tun safe duk wanda ya ci karo da Suter sai ya tambaye shi yadda aka yi. Uban yaron kaɗai bai tambaya ba.

Da zai tafi, Suter ya zaga ta wurin samarin. Ɗan ƙanen nan da ya ɗago gwafar shi ke sara turke, gumi na zuba.

"Gatarin nan yana ci," in ji Suter.

"Na kakanmu ne. Baba Yego ba ya ba da aronsa, ko mu ba ya bari mu taɓa. Yau ma ɗaukowa na yi, bai ce komai ba."

Suter ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya tsinci sassaƙe ɗaya. Sai da ya fita daga gidan ya ciro na aljihunsa, ya jera su a tafin hannu. Ya tsaya a hanya yana kallonsu har wata mai ɗauke da itace ta ce masa ya matsa ta wuce.

*

La'asar na yi aka taru a gindin ɓaure. Dattawa a kan duwatsu, gidan Yego a gabas, gidan Maiyo a yamma, fili a tsakani. Aka kawo Kemboi da igiya a hannu. Talai ta zauna nesa da kowa. Suter ya sa aka kawo gwafar, da gatarin da samarin ke aiki da shi.

"Kemboi bai je kwazazzabo ba yau," ya fara. "Yana babbar hanya yana jiran yaron da adda. Niyyar kisa ya yi, amma ba shi ya yi ba."

Gefen gabas ya kaure da surutu. Dagaci ya buga sanda.

"Yarinyar ba ta jawo shi tarko ba. Ita ta fara hawa gungumen. Wanda ya san an sare gwafa ba ya fara ɗora ƙafarsa. Ita ta rufe masa ido, ita ta lulluɓe shi."

"To goggon ce!" wani ya yi ihu.

"Jiya da yamma yaran suka yanke shawarar tafiya. Saran nan kuwa ya kwana biyu, har gara ta yi gini a kan sassaƙen. Lokacin da aka sare gwafar nan, ko su kansu ba su san za su bi ta wurin ba. Ba don Limo aka sare ta ba. Mutum ɗaya ne kowa ya san zai taka gungumen nan yau da asuba." Ya nuna Kemboi.

Suter ya ajiye sassaƙe biyu a kan dutse gaban dattawa.

"Wannan daga kwazazzabo. Wannan daga garken da ake faɗaɗawa a gidan Yego. Ku shafa da yatsa, za ku ji wani siririn layi a tsakiya. Bakin gatarin yana da giɓi, duk inda ya sara sai ya bar wannan layin." Ya miƙa gatarin, dattawa suka riƙa shafa bakinsa ɗaya bayan ɗaya. "Saran garke ya karkata ta dama, don yaron da ya yi shi da dama yake aiki. Na gwafar ta hagu ya karkata."

Babu wanda ya ambaci suna. Idanu kawai suka juya.

Yego bai motsa ba. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

"Gaban matan kasuwa ya zubar wa ɗana haƙori. Yaron ya dawo da jini a riga, yana ce mini Baba, bar shi, ba komai. Ba komai!" Ya ja numfashi. "Ruwansu kawai na so ya zube. Masararsu ta bushe su ji yadda ake ji."

"Da ruwa ka nufa, da ka sare ta gaba ɗaya," in ji Suter. "Ka bar mata abin da zai ɗauki gungume da ruwa, ba zai ɗauki namiji ba. Sannan ka shafe da laka."

Yego ya ɗago, ya nuna Maiyo da yatsa. "Da ɗanka ya je ya buɗe ruwansa kamar kullum, da yanzu ɗana na raye!"

"Ka ji shi!" in ji Kemboi, yana fizgar igiya. "Laifina ne da ban mutu ba! Da Goggo ba ta ɓoye su a gidanta ba..."

"Rufe mini baki, mara kunya!" Talai ta miƙe tsaye. "Wa ya kore su daga hanyar mutane? Kai da addarka! Kai kuma Yaya, sau nawa na ce maka ka saurari yarinyar nan? Ka ce gara ka binne ta. Da bakinka ka faɗa, a kan abinci!"

Samarin Yego na tsaye da galan ɗin kananzir, kowa na kallon ɗan'uwansa. Dattawa suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Mafi tsufansu ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin gidan da ake ƙonawa ba in uba ne ya kashe ɗansa. Dagaci ya sa aka kwance Kemboi. Igiyar ba a ɗaura wa Yego ba, don babu wanda ya ga alamar zai iya tashi, balle gudu. Aka ce ya zauna nan har 'yan sanda su zo.

Duk wannan abin Maiyo na zaune a gefen yamma. Dogon tsoho ne mai jin kai, bai saba tambayar kowa komai ba. Ya taso ya tako filin da ke tsakani, ya tsaya gaban Suter.

"Ka faɗi inda kowa yake. Ba ka faɗi inda 'yata take ba."

"Tana ƙarƙashin Dutsen Shaho. Na rufe ta da ƙaya."

Talai ta fasa kukan da ta riƙe tun azahar, matan gidan suka kama. Kemboi ya zube a inda yake. Maiyo bai waiwaya ba.

"Zamewa ta yi?"

"Sawun ya ƙare a bakin dutsen. Ƙafa biyu a jere."

Maiyo ya daɗe yana tauna bakinsa.

"Dutsen nan yana da santsi in an yi ruwa," ya ce. "Kowa ya sani. Awaki ma suna zamewa a wurin." Ya juya ya bi jama'a da kallo, gabas da yamma, har da Yego. "Zamewa ta yi."

Ba wanda ya musa masa. Suter ya taka dutsen da ƙafarsa da safe, ya san a bushe yake ƙayau. Ya ɗauki sandarsa.

"A kawo igiya da bargo," ya ce. "Wurin da nisa, rana kuma ta yi ƙasa."

Ya shige gaba. Maiyo ya bi bayansa.